RA'AYINMU: TUN RAN GINI, TUN RAN ZANE

Duk wanda ya saba fitowa da sassafe a kan hanyar Kachia, daga Television zuwa Sabon Tasha, ko kuwa a lungunan Narayi da Barnawa da Unguwar Romi, ya san abin da ido ke gani tsakanin ƙarfe bakwai da takwas. Yara ne ƙanana, 'yan shekara biyu zuwa biyar, cikin yunifom iri-iri, kowanne da jaka a baya wadda ta kusa rinjayarsa. Waɗansu an cusa su cikin Keke Napep, waɗansu kuma uwa ce ke jan su da hannu tana sauri don kada ta makara wurin aiki. In mutum ya sake bin waɗannan lunguna da ƙarfe goma, zai tarar da waɗansu yaran, tsararrakin na farko, waɗanda ba su je ko'ina ba. Suna wasa a bakin kwata, ko suna zaune a ƙarƙashin teburin uwarsu a kasuwa, ko kuwa an bar su a hannun yayarsu mai shekara takwas, wadda ita ma kamata ya yi a ce tana cikin aji.

Waɗannan yara, kashi biyun nan, duk namu ne. Ranar Lahadi benci ɗaya suke zama a Makarantar Lahadi, malama ɗaya ke koya musu. Abin da ya dame mu shi ne, kashi na biyu ba su samun komai daga Litinin zuwa Juma'a, kashi na farko kuwa sau da yawa abin da suke samu bai kai kuɗin da iyayensu ke zubawa ba. Mu a namu ra'ayin, lokaci ya yi da iyaye da ikkilisiya da gwamnati za su daina tura wa juna laifi, kowa ya ɗauki nasa kashin na wannan kaya.

Bahaushe ya ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma binciken masana ya zo ya gaskata shi. Likitoci sun daɗe suna jan kunne a kan kwanaki 1,000 na farko, wato daga ɗaukar ciki har yaro ya cika shekara biyu, gama a cikinsu ne ƙwaƙwalwa ke girma da saurin da ba za ta ƙara yin irinsa ba. Abin da ke gina ta kuwa ba boyayye ba ne: abinci mai gina jiki, lafiya, kwanciyar rai, da kuma babban mutum wanda ke yi wa yaron magana, yana amsa masa, yana wasa da shi. Binciken lafiya na ƙasa na 1918 bai wanzu ba balle a ce kakanninmu sun karanta shi, amma na 2018 ya nuna cewa kashi 37 cikin 100 na yaran Nijeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a shiyyarmu ta Arewa maso Yamma kuwa abin ya kai kashi 57. Yaron da yunwa ta tsumbure jikinsa, ta taɓa ƙwaƙwalwarsa, kuma shi ne wanda malamin aji uku zai zo yana kira daƙiƙi, alhali kuwa ba laifinsa ba ne.

Akwai wani abin da ya faru a birnin Kingston na ƙasar Jamaika wanda ya kamata kowane dattijon ikkilisiya ya sani. A shekarun 1986 da 1987, masu bincike a ƙarƙashin Farfesa Sally Grantham-McGregor suka ɗauki yara 129 'yan gidajen talakawa waɗanda suka tsumbure, masu wata 9 zuwa 24. Waɗansu daga cikinsu aka riƙa aika musu ma'aikaciyar lafiya ta unguwa sau ɗaya a mako har shekara biyu. Aikinta shi ne ta zauna da uwa na awa guda, ta nuna mata yadda za ta yi hira da ɗanta, ta gaya masa sunayen abubuwa, ta yabe shi in ya yi ƙoƙari, su yi wasa da abubuwan da aka haɗa a gida da gwangwani da tsumma. Bayan shekara 20 aka koma neman yaran nan, sai aka tarar waɗanda aka riƙa ziyarta suna samun kuɗin shiga da ya fi na sauran da kashi 25 cikin 100. Ba a gina musu bene ba, ba a saya musu kwamfuta ba. Uwayensu aka koyar. Wannan aiki ne wanda Zumuntar Mata ta kowace ikkilisiya a Kakuri ko Gonin Gora za ta iya yi.

Kafin mu ɗora wa iyaye laifi, ya kamata mu tuna yadda unguwanninmu suka zama yadda suke. Masaƙu ne suka tara jama'a a kudancin kogi. An buɗe masaƙar KTL a Kakuri a 1957, waɗansu suka biyo baya, har da UNTL da Arewa, sannan kamfanin haɗa motocin Peugeot a 1975 da matatar mai a 1980. A wancan zamani uba yana da albashi a ƙarshen wata, uwa tana gida ko tana 'yar sana'arta a ƙofar gida, sau da yawa kuma akwai kaka da ta zo daga ƙauye tana jego. KTL ta rufe a 2002, UNTL ta dakatar da aiki a 2007, dubban magidanta suka rasa abin yi. Rikice-rikicen 2000 da 2002 kuma suka sa mutane suka yi ta ƙaura, waɗansu suka haye arewacin kogi, waɗansu suka sauko kudu, unguwanni irin su Sabon Tasha da Unguwar Romi da Gonin Gora suka cika suka batse cikin 'yan shekaru. A baya-bayan nan ga kuma 'yan'uwanmu da 'yan bindiga suka kora daga ƙauyukan Chikun da Kajuru. Jama'a ta ninka, amma azuzuwan gwamnati ba su ninka tare da ita ba. Yau uba ya fita neman abinci, uwa ma ta fita, gama tun da aka janye tallafin man fetur a 2023 hannu ɗaya ba ya ciyar da gida. Tambayar wa zai riƙe yaro ta zama tambayar kowace safiya.

Cikin wannan giɓi ne makarantun nazare masu zaman kansu suka tsiro a kowane lungu. Ba mu ce dukansu ba su da kirki ba. Akwai waɗanda masu su ke aiki da tsoron Allah, muna kuwa yaba musu. Amma kowa ya san akwai waɗanda shago ne aka raba shi biyu da katako, babu taga, babu filin wasa, babu bayan gida mai tsabta, malamar kuwa yarinya ce da ta gama sakandare tana jiran sakamako, ana biyan ta abin da bai kai rabin mafi ƙarancin albashi ba. A irin waɗannan wurare ake zaunar da ɗan shekara uku tun safe har azahar, a danƙa masa fensir a tilasta masa rubuta ɗaya zuwa ɗari, a ba shi aikin gida, a yi masa jarrabawa, a ce ya zo na ashirin da uku a aji. Ƙarshen shekara kuma a sa iyaye su biya kuɗin babbar riga da hula ta bikin yaye ɗalibai, kamar wanda ya gama jami'a.

Gaskiya ɗaya ce, mu iyaye mu ne muke neman a yi haka. Uwa takan buɗe jakar ɗanta da yamma, in ba ta ga littafi cike da rubutu ba sai ta ce makarantar ba ta koyar da komai, ta cire shi ta kai shi inda ake duka. Mun ɗauka yaron da ya iya rera haruffan Turanci kamar aku shi ne mai ilmi. Yatsun ɗan shekara uku ba su yi ƙwarin riƙe fensir na dogon lokaci ba. Abin da yake bukata shi ne ya cika bakinsa da kalmomi, ya iya sauraron labari ya maimaita shi, ya ƙirga duwatsu da 'ya'yan goruba da hannunsa, ya koyi jiran layi da raba abin wasa da ɗan'uwansa. Yaron da ya sami wannan tushe, karatu ba ya yi masa wuya in lokacinsa ya yi. Wanda aka hana shi kuwa, yakan kai aji huɗu yana kwafar abin da ke jikin allo da kyakkyawan rubutu, amma in ka ce ya karanta maka abin da ya rubuta sai ya sunkuyar da kai.

Saboda haka muna fara kiranmu daga gida. Manzo Bulus, sa'ad da yake yabon bangaskiyar Timoti, sunan mata biyu ya ambata, kakarsa Loyis da uwarsa Afiniki, ya kuma tuna masa cewa tun yana ɗan jariri ya san Littattafai. Makarantar Timoti ta farko cinyar uwarsa ce. Uwar da ba ta taɓa shiga aji ba tana iya zama malama ta gari. In tana tsince wake ta sa yaron ya ƙirga, in tana wanki ta tambaye shi launin kowace riga, in suna tafiya majami'a ta riƙa nuna masa abubuwa tana faɗin sunayensu, da dare kuma ta yi masa tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi ko labarin Yusufu da 'yan'uwansa, ta tsaya ta tambaye shi abin da yake tsammani zai faru. Wannan bai ci ko kwabo ba. Muna roƙon ubanni su ma, gama reno ba aikin mata kaɗai ba ne. Uban da yake da awa biyu na kallon ƙwallon Turai a gidan kallo, ba zai rasa minti goma sha biyar na zama da ɗansa a tabarma ba.

Har wa yau, muna jan hankalin iyaye a kan wayar hannu, wadda ta zama sabuwar mai reno a gidaje da yawa. Yaro ya yi kuka, a miƙa masa waya ya yi shiru. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa kada a zaunar da yaron da bai kai shekara biyu ba gaban waya ko talabijin, daga shekara biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana. Dalili kuwa shi ne waya ba ta amsa wa yaro, harshe kuwa da amsawa ake koyonsa. Haka nan batun abinci da lafiya: nono zalla har wata shida, rigakafi a kan kari har da na ƙyanda a wata tara, gidan sauro, da kunun da aka haɗa da gyaɗa da waken suya, da ganyen zogale da ɗan manja a miya. Duk waɗannan suna cikin shirin makaranta, ko da yake ba a aji ake yin su ba.

Sai kuma maganar harshe, wadda mun san tana da zafi. A gidajenmu da yawa an hana yaro jin Jju ko Tyap ko Hyam ko Gbagyi ko Adara, har ma da Hausa, wai don kada Turancinsa ya lalace. Sakamakon shi ne iyaye suna yi masa magana da guntun Turancin da su kansu ba su ƙware a kai ba, hira ta taƙaita ga zo, tafi, bari, yaron ya tashi ba shi ga tsuntsu ba shi ga tarko, ba ya iya hira da kakarsa. Gwajin da marigayi Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife daga 1970, inda aka koyar da yara da Yarabanci har shekara shida ana kuma koya musu Turanci a matsayin darasi, ya nuna ba su gaza takwarorinsu ba, har a Turancin ma. Gwamnatin Tarayya ta amince da koyarwa da harshen uwa a firamare a 2022, kana a watan Nuwamba na 2025 Ministan Ilmi ya ba da sanarwar janye wannan tsari. Ko me gwamnati ta yanke game da aji, ba ta da iko da abin da uwa ke faɗa wa ɗanta a ɗaki. Shawararmu ita ce, ku yi wa yaro magana da harshen da kuka fi iya zuba zance da shi. Rijiyar da ta cika ita ke ba da ruwa.

Yanzu bari mu juyo kanmu, mu ikkilisiya. Tarihinmu a wannan ƙasa tarihin karatu ne. Dokta Walter Miller ya zauna a Zariya tun 1905, aikin ya koma Wusasa daga baya, aka kuma buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa a 1932. A ƙauyukan kudancin jihar nan, mai bishara shi ne malamin karatu, ɗakin sujada kuma shi ne aji. Kakanninmu da yawa a nan suka fara sanin baƙi da wasali. Ita kanta Makarantar Lahadi, sa'ad da Robert Raikes ya fara ta a garin Gloucester na Ingila a 1780, don 'ya'yan talakawa masu aiki a masana'antu ya yi ta, domin su koyi karatu a ranar da ba su aiki. Mun sani gwamnati ta karɓe makarantun mishan a farkon shekarun 1970, har kwalejin Queen of Apostles ta Kakuri ta koma Queen Amina, kuma har yau akwai masu jin zafin abin. Amma shekara hamsin ta wuce. Ba wanda ya karɓe mana ɗakunan Makarantar Lahadi, waɗanda ke kulle da kwaɗo kwana shida a mako, yayin da 'ya'yanmu ke wasa a bakin kwata a bayan katangarsu.

Dole mu faɗi wata gaskiya mai ɗaci. Ikkilisiyoyi da yawa sun buɗe makarantu, amma kuɗin makarantar ya fi ƙarfin membobin da suka gina ta. Gwauruwar da ta ɗauki yashi a ka ranar aikin gayya, ta ba da baikonta na gini shekara da shekaru, ita ce yau ba ta iya sa jikanta a ciki. In makarantar ikkilisiya ta zama hanyar samun kuɗin shiga kawai, to, me ya bambanta ta da ta ɗan kasuwa? Mu tuna ranar da aka kawo wa Ubangijinmu Yesu yara ƙanana, almajiransa suka tsawata wa masu kawo su. Markus ya gaya mana cewa Ubangiji ya ji haushin abin. Almajiran ba mugaye ba ne, gani suke yi akwai manyan al'amura da suka fi yara muhimmanci. Majalisar dattawan da ta ware miliyoyi don tayil da na'urar sauti, ta rasa abin da za ta ware wa 'yan shekara huɗu, ta binciki kanta ko ba a sahun almajiran nan take tsaye ba.

Ga abin da muke ba da shawara, kuma ba abin da ya fi ƙarfinmu a ciki. Na farko, kowace ikkilisiya ta ƙirga yaranta. Sakatare da shugabar Zumuntar Mata su bi gida-gida su rubuta yara 'yan shekara uku zuwa biyar, da waɗanda ke zuwa makaranta da waɗanda ba su zuwa, da dalili. Makiyayin da bai san yawan 'yan ragunansa ba, ba zai san ranar da ɗaya ya ɓace ba. Na biyu, a buɗe ɗakin Makarantar Lahadi da safe, ko da kwana uku ne a mako, awa uku a rana, da tabarmi da ruwan sha mai tsabta da bayan gida da kofin kunu. A cikin kowace ikkilisiya akwai malamai da ma'aikatan jinya da suka yi ritaya, waɗanda za su yi murna a ce ana bukatarsu. A yi rajistar wurin da hukuma yadda doka ta tanada, kada a bar yara da mutum ɗaya shi kaɗai, kada kuma a ɗauki wanda ba a san halinsa ba, gama tsaron yaro daga masu lalata yana gaba da kome. Na uku, Zumuntar Mata ta ware mako ɗaya a wata don koyar da reno, a kuma riƙa ziyartar masu jego da matasan uwaye a gidajensu. Na huɗu, makarantar ikkilisiya ta keɓe gurabe na kyauta ga marayu da 'ya'yan waɗanda aka kora daga ƙauyukansu, a karanta adadinsu a gaban taron shekara kamar yadda ake karanta rahoton kuɗi. Ƙofar kuma ta zama a buɗe ga ɗan maƙwabci, ko wane ne ubansa, ba tare da an sa masa sharaɗi a kan addininsa ba.

Wani zai ce, ai wannan aikin gwamnati ne, don me za mu ɗauke mata? Lalle aikinta ne, kuma ba mu yafe mata ba. Dokar Ilmin Bai-Ɗaya ta 2004, wadda ta biyo bayan shirin da aka ƙaddamar a Sakkwato a 1999, ta sa kula da ƙananan yara da ilmantar da su cikin ma'anar ilmin tushe. Ta kuma ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya don tallafa wa jihohi, bisa sharaɗin jiha ta kawo kwatankwacin abin da za ta karɓa. Tsarin rabon da aka fara aiki da shi kashi 5 cikin 100 kacal ya ba ɓangaren ƙananan yara. A 2007 aka fito da manufar ƙasa ta raya ƙananan yara, kana Manufar Ilmi ta Ƙasa da aka sabunta a 2013 ta ƙara shekara ɗaya ta share fage kafin aji ɗaya, ta ce a yi ta a makarantun gwamnati, malami ɗaya ga yara 25. Nijeriya ta kuma sa hannu a muradun Majalisar Ɗinkin Duniya na 2015, waɗanda suka yi alkawarin kowane yaro zai sami ilmin share fage mai inganci kafin 2030. Ƙasar Ghana ta riga ta mai da shekara biyu na share fage wani ɓangare na ilmin tilas tun gyaran da ta yi a 2007. Takardu dai ba mu rasa su ba. Mai karatu ya taka zuwa makarantar firamare ta gwamnati mafi kusa da shi, ya leƙa ajin ƙananan, ya ƙirga kawunan da ke ciki, ya gwada da 25.

Jiharmu ta ga abubuwa biyu da ya kamata a koyi darasi daga gare su. Sa'ad da aka fara ciyar da 'yan firamare a watan Janairu na 2016, azuzuwa suka cika maƙil, abin da ya nuna cewa yunwa da talauci ne ke tsare yara a gida, ba ƙin karatu ba. A 2017 kuma aka yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa, aka ce 21,780 ba su kai maki 75 cikin 100 ba, aka sallame su aka ɗauki sababbi. Ra'ayoyi sun bambanta a kan yadda aka yi abin, har yau kuma akwai gidajen da ke jin raɗaɗinsa. Amma ya tabbatar da cewa ingancin makaranta daga malami yake farawa. Don haka muna kira ga Gwamnatin Jihar Kaduna da Hukumar Ilmin Bai-Ɗaya ta jiha da ƙananan hukumomin Chikun da Kaduna ta Kudu, su tabbata kowace firamare tana da ajin share fage na ainihi, da malamar da aka horar don wannan aiki musamman. A daina tura wa ƙananan yara malamin da aka rasa inda za a kai shi. Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa tana nan Kaduna tun 1976, ga kuma Kwalejin Ilmi ta Gidan Waya, saboda haka wurin horo bai gagara ba. A gina sababbin azuzuwa inda jama'a ta ƙaru, a kewaye makarantu, gama tun bayan sace ɗaliban makarantar Bethel Baptist a 2021 da na Kuriga a 2024, duk a ƙaramar hukumar Chikun, ba uwar da ke sakin ɗanta da kwanciyar rai. Masu duba makarantu kuma su riƙa shiga na kuɗi, su duba taga da ruwa da bayan gida da takardun malamai, ba rasiɗin haraji kaɗai ba.

Amma gwamnati ba ta jin kiran da aka yi daga nesa. Kowace makarantar gwamnati tana da kwamitin gudanarwa na al'umma, wanda ya ƙunshi iyaye da mata da shugabannin addini da masu unguwa. Mu nawa ne muka taɓa halartar zamansa? Da yawanmu mun kwashe 'ya'yanmu mun kai na kuɗi, muka juya wa ta gwamnati baya, muka bar ta ga waɗanda ba su da murya. Wannan kuskure ne. Harajinmu ne a ciki, 'ya'yan membobinmu marasa ƙarfi ne a ciki. Bugu da ƙari, a wurare irin su Kakuri da Makera da Nasarawa da Barnawa, makarantar gwamnati tana cikin 'yan wuraren da suka rage inda ɗan Kirista da ɗan Musulmi ke zama a benci ɗaya. Garin da kogi ya raba shi biyu yana bukatar irin wannan benci. Fasto da limamin masallaci in suka shiga ofishin sakataren ilmi tare suna neman malama ɗaya da rufin aji ɗaya, da wuya a ce musu su dawo gobe. Masu neman ƙuri'a kuma in suka zo majami'a neman addu'a, a yi musu addu'ar, sannan a tambaye su azuzuwan share fage nawa za su gina, a rubuta amsar a ajiye.

Daga ƙarshe, 'yan'uwa, yaron da ke da shekara uku yau ba zai tsaya yana jiran kwamiti ya gama zama ba. Baɗi ya cika huɗu, bayan shekara biyu kuma sai aji ɗaya, da shiri ko babu shiri. Muna roƙon kowane fasto da kowace majalisar dattawa su sa wannan magana a ajandar zamansu na gaba, a ƙirga yaran kafin sabon zangon karatu, a kuma rubuto mana abin da aka samu domin mu buga a wannan fili, ikkilisiyoyi su koya daga juna. Maginin ƙwarai ya san tun ran gini ake zane, in katanga ta bushe sai dai a yi ta kankara. Ubangiji da ya ba mu amanar waɗannan yara, ya ba mu hikima da ƙarfin riƙe ta. Amin.